Kaset ɗin da ba namu ba

A shekarun da ba kowa ke da tarho ba, kaset ne wayarmu. Mutum ya zuba maganarsa a ciki, ya ba direba. Haka wani direban motar Kwoi ya dire mini ɗaya a ƙofar gida, wai an ce masa gida mai mangwaro kusa da layin dogo. A Kafanchan wane gida ne ba shi da mangwaro? Kafin in buɗe baki ya ja motarsa.

Na sa a rediyo. Muryar wata tsohuwa ce da ban taɓa ji ba, Hausarta irin ta mutanen Jaba.

"Auta, ni ne mamanka. 'Yan'uwan babanka sun ce in an tone citta ba ka zo ba, za su raba gonan. Ni ƙafa ya ƙi. Ka zo, don Ubangiji."

Sai tari, sai carar zakara, shi ke nan. Ba sunansa, ba nata.

Lokacin gari bai gama hucewa daga rikici ba, Musulmi da Kirista gaisuwa ma sama-sama ake yi. Ga shi mutanen Jaba galibi Kiristoci ne, mu kuwa Musulmi. Maigidana ya ce in jefar. "Ina ruwanki da gonar wasu? Kada ki ja mana magana."

Raina ya ɓaci. Gonar ubanmu ma haka ta salwanta, don ba wanda ya aiko mana a kan lokaci. Na ce masa ba zan zubar da muryar uwar wani a bola ba.

Washegari na kai rediyon rumfata ta kayan miya, na ƙure murya. Tsohuwa ta yi ta kiran autanta tsakanin tattasai da daddawa. Maƙwabciyata mai manja ta ce na zare. Shugaban layinmu ya zo ya ce in kashe, ina damun jama'a. Na ce masu sayar da kaset ɗin waƙa fa, su shiru suke sayarwa? Na sake batir a gabansa.

Da sabuwar citta ta fara shigowa kasuwa, tsoro ya kama ni sosai kada a raba gonar, amma ban kashe rediyon ba.

Wata ranar kasuwa wani ma'aikacin jirgin ƙasa, har da furfurarsa, ya jingine keke zai sayi kuɓewa. Sai ya ƙame.

"Hajiya, wannan mamana ne."

Ya saurara har tarin, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in ba shi, ƙarshen wata zai nemi hutu ya je.

Na cusa kaset ɗin a zanina. "Cittar za ta jira hutunka? Ba zan ba ka ba sai a cikin mota."

Na bar wa mai manja rumfar, na tasa shi gaba har tasha. Sai da ya shiga mota, direba ya tayar, na miƙa masa kaset ɗin ta taga.

Da yamma na turo kekensa gida. Maigidana ya tambaye ni na wa ne.

Na ce, "Na wanda ba ruwana da gonarsa."