Maharazu Mai Dukan Ƙasa

Shekara shida muna ɗaki ɗaya da Maharazu a unguwar Abu Hail ta Dubai, kuma hali guda nasa ne yake ƙona min rai. Ba ya taka wurin da bai sani ba sai ya fara buga ƙasa da dunduniya, ya kasa kunne. A Dubai fa, inda ko'ina kwalta ce da tayil! A siton Jebel Ali inda yake tuƙa motar ɗaga kaya, har Indiyawa sun iya kiransa Mai Dukan Ƙasa. Ni na raɗa masa sunan, ban kuma ji kunya ba.

Mutumin Bukuru ne, can wajen Jos. Kakansa haƙar kuza ya yi, ubansa ma haka, shi kansa ya shiga rami tun bai kai ashirin ba. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin wansa Halliru. Ranar da ramin ya rufta da shi, Maharazu ya ga ƙasa tana zuba kaɗan-kaɗan a bakin ramin, amma manya suna tsaye a wurin, sai ya ji nauyin buɗe baki.

Alhaji Ɗalhatu, wani ɗan kasuwar Kano, shi ya nemo masa biza ya kawo shi Dubai. Maharazu ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Bara da sanyi, bayan an gama loda wa Alhaji kwantena, ya ce shi kam yana son ganin hamada ta gaske. Muka yi hayar jif ranar Asabar, muka yi tafiyar awa biyu zuwa wani gandun hamada da gwamnati ta keɓe. Mun ga bareyi, mun hau tudun rairayi, Alhaji ya sha hoto har ya gaji. A hanyar dawowa ya hango wasu gine-gine can gindin dutse, ya ce sai mun je.

Tsohon garin masu haƙar dutse ne, an watse an bar shi. Rairayi ya cika ɗakuna har taga, injina sun yi tsatsa, waya babu sabis. Ba kowa sai mu uku.

La'asar ta yi. Alhaji ba ya jira. Ya yi alwala, ya zagaya bayan wani inji, ya sami fili shimfiɗaɗɗe kamar an share masa, ya baza darduma.

"Yalla, maza ku same ni," ya ce, ya tayar da kabbara.

Na gama tawa alwalar, na nufi wajensa. Sai ji na yi an damƙe min riga ta baya.

"Salmanu, kada ka taka," in ji Maharazu, murya ƙasa-ƙasa.

Har na buɗe baki zan zage shi, sai ya buga dunduniyarsa a gefen filin. Ƙarar da ta fito ta ganga ce. Ya nuna min kusa da ƙafar Alhaji: rairayi yana silalewa cikin wata 'yar tsaga, siriri, ba ya tsayawa. Katako ne aka rufe bakin rami da shi, ƙasa ta binne shi.

"Subhanallah," Maharazu ya ce. Alhaji ya ƙara ɗaga murya a kabbarar ruku'u, wato kada a dame shi. Da ya sunkuya, wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashinsa.

Na dubi Maharazu. Gumi ya jiƙa masa wuya. Alhaji mutumin da ya rufa masa asiri ne, kuma yana gaban Ubangijinsa. Wallahi na ɗauka shiru zai sake yi.

"Alhaji!" Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. "Rami ne a ƙarƙashinka! Yanke sallar nan! Kada ka yi gudu, kwanta rub da ciki!"

Alhaji ya ƙame a sunkuye. Ya juyo da kai a fusace, sai idonsa ya faɗa kan tsagar. Ya durƙusa a hankali, ya kwanta. Maharazu ya ce in riƙe masa ƙafafu, shi ma ya kwanta, ya ja jiki har ya kamo hannun Alhaji.

"Ja mu, Salmanu! Ja!"

Na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Muna kaiwa gindin injin, filin ya lotsa, ya haɗiye darduma da takalman Alhaji. Mun daɗe kafin mu ji sun kai ƙasa.

Alhaji ya zauna yana haki, babbar rigarsa duk ƙura. Maharazu kuwa ya tsuguna a gabansa, kai a sunkuye, hawaye na zuba.

"Alhaji, a gafarce ni, na ɗaga maka murya."

Alhaji ya dube shi. Sannan ya miƙe, ƙafa babu takalmi, ya karkaɗe riga.

"Khalas, ya wuce. Tashi, rana tana tafiya, ba mu yi La'asar ba. Daka mana ƙasar, inda ka ce nan za mu tsaya. Kuma kai za ka ja mu sallar."