Kawu Tanimu Mai Taje Raguna

Duk wanda ya zauna Hayin Banki a wancan zamanin ya san Kawu Tanimu, yayan mahaifiyata, da matajin nan da ba ya barin aljihunsa, alhali kansa ƙwal yake. Na raguna ne! Da layya ta ƙarato aka sauke ragunan Nijar, sai ya tsugunna yana taje su, yana kakkaɓe 'ya'yan ciyawar da suka maƙale a gashinsu cikin gwangwani.

"Baba, saye za ka yi ko wanzanci?" in ji dillali.

"Kai nama ka gani, ni fasinja nake saukewa."

Wani ɗan fure shuɗi yake nema, wanda ke fitowa a bayan gidansu can gaba da Maraɗi in an yi ruwan farko. Fari ya watsa garinsu tun mahaifiyata tana goye, sauran danginsa suka ƙare, ko sunan furen bai riƙe ba. Burinsa kawai ya sake ganinsa kafin ya mutu.

Direbobin da ke tsallaka iyaka sun sha wahalarsa. Wani ya ɗauko masa ƙullin iri, 'yan kwastan suka tsare shi suna ta shinshinawa. Da aka shuka, me ya fito? Ƙarangiya! Matan unguwa suka yi ta cirar ƙaya a zani suna Allah wadai. Kawu ko a jikinsa.

"Baƙuwa ce, a yi mata haƙuri."

Wata shekara wani tsiro ya fara kama da wanda yake nema, sai matarsa Inna Ladi ta tsinke ta zuba a miya.

"Ladi, kin dafa garinmu!"

"To garinku ɗaci gare shi, Malam. Sai da na ƙara daddawa."

Muka yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya shige ɗaki bai ci tuwon ba, daga ranar dariyar ta fara yi mini nauyi.

Daga baya ya gano ruwan Kaduna ya yi wa irin yawa, ruɓewa yake yi. A daminarsa ta ƙarshe tsiro ɗaya ya rayu cikin rairayi, sai ga Kawu tsaye ya riƙa masa lema, shi kuma ruwa na dukansa.

Na ce, "Kawu, ka shigo, sanyi zai kama ka!"

"Ni na saba da Kaduna, shi bai saba ba."

Ashe Kawun ma bai saba ba. Ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, bai sake tashi ba.

Ana zaman makoki furen ya buɗe, ɗan mitsitsi, shuɗi-shuɗi, kafin la'asar ya yi yaushi. Muka zagaye shi muna kallon juna. Shi ne? Ba shi ba ne? Mutum ɗaya ne a duniya zai iya faɗa mana, mun kuwa riga mun binne shi. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya saukar da kai a lambun da fari ba ya shiga, ka ga naka ka gane shi.