Iyakar Gonar Malam Dabo

Mika'ilu magini ne, kuma a ƙauyensu da ke gabas da Ɗanbatta ba wanda zai ce ya taɓa ganin katangar da ya ɗora ta karkace. Aibinsa ɗaya, bakinsa ba ya rabo da "in na dawo". Ɗakin matarsa Sauda na yoyo, in na dawo. Ƙyauren zaure ya ɓalle, in na dawo. Tun yana saurayi ya saba da cin rani. Da an kai hatsi rumbu sai ya ɗaure cokalin gininsa a buhu, ya bi ta Damagaram da Agadas har Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. Can yake jera bulo wata biyar, su takwas a ɗaki guda, kowa da ranar girkinsa, sannan ya juyo gida kafin ruwan shuka.

A yankinsu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona na jikin gona, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabci. Gona ɗaya mai auki ta rage wa gidansu, ta yamma, ita ma kusan rabinta ba ya hannunsu. Shekara arba'in da suka wuce mahaifinsa, Malam Dabo, ya ba amininsa aron ɓangaren da ke jikin tasa gonar. Aminin ya tuge ciyawar gambar da ta raba su don noma ya yi masa sauƙi, tsohuwar iyaka ta ɓace a tsakiyar rairayi. Ba a rubuta komai ba, don a lokacin takarda tsakanin aminai zagi ce. Yanzu aminin ya rasu, ɗansa Abdulrashid ke noma wurin. Shi kuwa ba mugu ba ne, ya sha faɗa a gaban jama'a cewa a nuna masa inda iyakar take ya janye. Mutum uku ne suka san ta: Malam Dabo, da limamin ƙauyen, da wani dattijo Muhammadu Sani.

To me ya hana uba ya kama hannun ɗansa ya nuna masa? Kunya. Mika'ilu ɗan fari ne, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu. Malam Dabo bai taɓa kiran sunansa ba, Magini yake ce masa, in zai yi masa magana kuwa bango yake kallo. Ranar da Mika'ilu zai tafi cin ranin da muke magana, tsohon na zaune a zaure, ya ce wa bango, "Gonar yamma na son a taka ta."

Mika'ilu ya gane sarai. Amma mota na jira a tashar Ɗanbatta, ya durƙusa ya ce, "To Baba, in na dawo, in sha Allahu." Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne. Abin da bai sani ba shi ne tsohon ya yi wata uku yana neman bakin da zai furta wannan magana.

Shekarar korona ce. Yana shirin haɗa kaya aka rufe iyakokin ƙasashe, gini ya tsaya, motoci suka daina tashi. Su takwas suka zauna a ɗaki suna kallon juna. Da farko bai damu ba, ya ɗauka abin mako biyu ne. Sai azumi ya kama, waya ta fara kawo abin da ba ya son ji. A Kano tsofaffi ke ta tafiya, yau wannan gobe wancan. Sauda ta kira ta ce liman ya kwanta dama. Bayan kwana tara ta sake kira.

"Maigida, Baba Muhammadu Sani ma sai haƙuri. Ɗazu aka kai shi."

Mika'ilu ya ji tsoro, don cikin ukun nan saura mahaifinsa kaɗai. Ya ce a kai wa mahaifinsa wayar. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ko za ka kwatanta mini wurin nan?"

Tsohon ya ce, "Da me zan kwatanta? Ba itace, ba dutse. Iyaka da ƙafa ake nuna ta. Ka zo." Tun da aka haife shi uban bai taɓa ce masa ka zo ba.

Ya shiga wata babbar mota da ta sauke su nesa da bakin iyaka, suka ƙarasa Asamaka, garin farko a ƙasar Nijar, da ƙafa cikin rana. Nan aka killace su mako biyu, kamar yadda ake wa duk wanda ya shigo. Ba shi da abin yi sai ƙirga kwanaki da duban sama ta kudu. Daga nan Arlit, ba mota, kwana shida. A Agadas ma haka. Nan ne ya samu waya ta shiga, Sauda ta ce Baba ya daina fita masallaci.

Mika'ilu ya ce, "Ki roƙe shi ya nuna miki."

"Ni? Surukarsa? Haba Maigida."

Shekara takwas tana gidan, daga bayan zana take durƙusawa ta gaishe shi, ko kamannin fuskarsa ba za ta iya kwatantawa da kyau ba. Mika'ilu ya ɗaga mata murya yadda bai taɓa yi ba, ya ce abincin 'ya'yanta ke cikin wannan gona. Ta ce to. Bayan wannan bai ƙara samunta ba.

Ya hau bayan motar kaya zuwa Damagaram. Duk yadda suka ƙara yin kudu hadari na ƙara duhu, har ya fara jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙamshin da a da yake sa shi murna. Bakin iyakar Najeriya a rufe, sai ɗan acaɓa ya zagaya da shi ta cikin gonaki. Tafiyar da ya saba yi a mako guda ta cinye masa kwana arba'in da ɗaya.

Da hantsi ya shiga ƙauye. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa. Daga nesa ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansu, mutane zazzaune. Kwana uku ke nan da binne Malam Dabo.

Cikin masu gaisuwa har da Abdulrashid. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Maganata tana nan, Malam Mika'ilu. A nuna mini, in janye."

Da ya shiga gida, bayan an yi kuka an share hawaye, ya tambayi Sauda maganar gona. Ta ce e, an je. Ana saura kwana biyu ruwan farko ya sauka, tsohon ya fito da sandarsa, ya dubi zanar tsakar gida ya ce a biyo shi. Mika'ilu ya yi hamdala.

Da rana ta yi sanyi suka nufi gonar, shi a gaba ita a baya. Shukar Abdulrashid ta miƙe layi-layi daga wannan baki zuwa wancan. Mika'ilu ya tsaya ya ce, "To, daga ina?"

Sauda ta dubi gabas, ta dubi yamma. Ta yi taku kaɗan ta dawo.

"Yana gaba ina binsa," in ji ta. "Na ji ya tsaya ya ce daga nan. Muka yi tafiya, ya sake tsayawa ya ce zuwa can. Har sau biyu ya maimaita."

"To ina ne nan ɗin?"

Ta durƙushe a tsakiyar kunyar gero, hawaye na zuba. "Wallahi na yi niyyar in duba, Maigida. Na kasa ɗaga kai a gabansa. Dugadugansa kawai na gani."