Ranar da na yi wa kuɗin Baba wankan tsamiya

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu maƙwabtanmu na dā sai na yi ta lalube kafin na tuno, amma ranar da na zauna na wanke wa mahaifina kuɗinsa da tsamiya ba ta cikin abubuwan da za su gogu. Ko yanzu in na jiƙa tsamiya zan dama kunu, warinta kaɗai ya isa ya mayar da ni tsakar gidanmu a Garwa, ga ni a kan kujera 'yar tsuguno da tsumma a hannu, ina jin kaina 'yar albarka.

Sana'ar Baba ba irin wadda ake faɗa a gane nan take ba ce. Tsofaffin kuɗi yake sayarwa, irin waɗanda aka daina ciniki da su tun kafin a haife ni: anini mai huji, kwabo da sule na wajen Najeriya, na zamanin Faransa, na zamanin Jamus, da manyan daloli na azurfa waɗanda tsofaffin matan Fulani ke ɗaurawa a wuya. Yana da ɗan tebur a gindin wata dalbejiya, kusa da masu sayar wa baƙi jakunkunan fata. 'Yan unguwa kan zolaye shi, wai shi kaɗai ne mutumin da ke sayar da kuɗi kuma ba shi da su. Sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa yake sayarwa.

A dā sana'ar tana ci da mu. Turawa masu zuwa kallon namun daji sukan tsaya, haka manyan ma'aikata daga kudu, kuma akwai wasu 'yan tsiraru da tara irin waɗannan kuɗin ya zame musu kamar ciwo. Daga baya abin ya fara ja da baya. Aka shiga maganar rashin tsaro a hanyoyin arewa, Turawa suka ɗauke ƙafa. 'Yan jabu kuma suka cika kasuwa, har mai saye ya koma tsoron kowane tebur. Ga tsadar rayuwa. Abin da ya fi gajiyar da mutum shi ne babu wanda ya fito ya ce ya daina. Kowa sai ya ce a ɗan dakata, a ga ƙarshen shekara. Ƙarshen shekara ya zo, a ce a ga bayan salla. Baba ya ci gaba da fita kullum da safe, ya jera kayansa, ya wuni yana korar ƙuda a zafin Garwa, da yamma ya kwashe su yadda ya jera su. Na gaji da ganinsa yana dawowa yana cewa, "Gobe ma rana ce," shi ma na san ya gaji da faɗa.

Ana cikin haka yanar ido ta rufe masa idanu, duka biyun. Likita ya ce aiki za a yi, kuma kowane ido da kuɗinsa. Ni ɗinki nake yi a lokacin, abin da nake samu bai wuce na cefane ba. Sai Baba ya yanke shawarar taɓa gwangwaninsa.

Wani tsohon gwangwanin biskit ne, a ƙasan akwatinsa yake zama, bai taɓa hawa tebur ba. Kakanmu ne ya fara tara abin da ke ciki lokacin da ya zo fatauci daga ƙasar Kano, Baba kuma ya yi shekaru yana ƙarawa, duk wanda ya fi kyau a cikin abin da ya samo sai ya naɗe shi a takarda ya jefa ciki. Akwai mutum ɗaya da ya daɗe yana nacin gwangwanin nan, wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, Kirista ne daga duwatsun arewa, ya yi ritaya ya zauna a Yawunde. Metir muke ce masa, wato malam da Faransanci. Ni Baba ya sa na latsa masa lambar, don haka na ji abin da ya ce.

"Malam, ka san na dakata da saye. Fansho ba ya kai wata yanzu, ga jikoki. Amma in da gaske gwangwanin nan za ka buɗe, zan hau jirgin ƙasa."

Ya ce zai iso ranar Litinin.

A nan ya kamata na faɗi halina, don shi ne tushen komai. Ni mace ce da ba ta iya ganin datti ta wuce. Tun ina yarinya haka nake. Baba, da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana, kuma yakan ce, "Uwata, in aka ƙyale ki, har ƙasar tsakar gida sai kin sa mata sabulu." Na daɗe ina kallon kayan teburinsa, baƙi ƙirin, wasu har da kore-kore a jiki, ina cewa a raina: wa zai ba da kuɗinsa mai kyau ya karɓi wannan ƙazanta? Na gama yanke hukunci ni kaɗai cewa abin da ya kori masu saye ke nan. Ban taɓa tambayarsa ba. A ganina maza ne kawai da rashin kula, ga shi kuma ba ya gani sosai.

Ranar Lahadi Baba ya tafi ta'aziyya Pitowa, ya ce sai la'asar. Yana fita na jawo akwatin. Na jiƙa tsamiya mai kauri, na debo toka, na yanka lemun tsami, na ɗauko soson ƙarfe da nake wanke tukunya da shi. Ɗaya bayan ɗaya na warware takardun. Wallahi har yau ina tuna daɗin da na ji da baƙin ya fara sauka. Wata dala da na goge, sai ga fuskar wata sarauniya mai kumatu ta fito fes, har da gashinta. Na jera su a faranti a rana, suna ƙyalli har suna kashe ido. Ina gogewa ina lissafa yadda Baba zai sa mini albarka.

Tun hantsi nake yi har aka yi azahar, aka wuce. Bayana ya ƙage, yatsuna suka yi fari suka yamushe, tsamiyar ma ta ƙare. Saura guda ɗaya, wani ɗan jan ƙarfe wanda ya fi duka baƙi, da ƙyar ake gane hoton zakara a jikinsa. Dama shi na yi ta turawa gefe don na san zai ci mini ƙarfi. Na dube shi, na dubi rana, na ce kai dai ka ci sa'a, na gaji. Na mayar da shi takardarsa na cusa a can ƙasan gwangwani, ina jin kunyar na bar aiki bai kammala ba.

Washegari da safe Baba ya ce na kawo masa gwangwanin zaure. Na kawo, na tsaya ina jira. Ya buɗe, ya sa hannu, sai ya tsaya. Ya ɗauko guda ya murza tsakanin yatsunsa. Ya ɗauko wani. Sannan ya kai hanci ya shinshina. Na ƙosa ya yi magana, har murmushi na fara. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye, daga baya ya rufe gwangwanin a hankali.

"Uwata, ɗora shayi. Baƙo ya kusa."

Abin da ya ce ke nan. Na ɗauka mamaki ne ya hana shi magana.

Wajen ƙarfe goma babur ya sauke Metir a ƙofar gida, tsoho siriri da 'yar jaka a hammata, duk ya yi laushi da tafiyar kwana da wuni. Suka gaisa da Fulatanci, "Jam na?" "Jam," sannan suka koma Hausa, suka tambayi iyali da ciwon gwiwa da zafin gari. Na ajiye shayi na koma bayan ƙofa, don ba zan yarda a yabe ni ba na nan ba. Metir ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ciro ɗan gilashinsa na duba kuɗi, Baba ya juye masa gwangwanin.

Metir ya duƙufa a kansu. Ina jin ƙarar kuɗin yana ɗauka yana ajiyewa. Daga nan ya cire gilashin ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Malam, wa ya yi musu wanka?"

"Ni ne," in ji Baba. "Ido ya tafi, hankali ma ya bi shi."

Metir bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A gajiye ya yi maganar, kamar mai bayani ga ɗan aji wanda ya riga ya faɗi jarrabawa. Ya ce baƙin nan da ke jikinsu shi ne shekarunsu, shi ne shaidar cewa sun bi hannun mutane sun kwana a ƙasa, shi masu tarawa ke biya. Ya ce yanzu ga su duk ƙarce-ƙarce, suna ƙyalli irin na jabun da ke yawo a kasuwa.

"Ni na san na gaske ne, domin na san ka," ya ce. "Amma ran da na mutu, 'ya'yana za su kai wa wanda bai san ka ba. Sai dai maƙerin azurfa ya auna dalolin nan a sikeli. Sauran kuwa, Malam, ka yi haƙuri."

Ban san lokacin da na fito ba. Na durƙusa a bakin zaure na ce, "Metir, ba shi ba ne, ni ce. Bai ma sani ba."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take. "Uwata, wa ya kira ki? Ƙaro ruwan zafi."

Ban tashi ba. Metir ya dube ni, ya dubi yatsuna da har lokacin ba su gama warwarewa ba. Ya fara mayar da kuɗin cikin gwangwani, sai hannunsa ya taɓa takardar nan da ta maƙale a ƙasa. Ya warware ta. Ya mayar da gilashinsa, ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana juya ɗan baƙin ƙarfen.

"Wannan fa, 'yata? Me ya sa kika bar shi?"

"Gajiya na yi," na ce.

Sai ya yi wata 'yar dariya marar ƙarfi. Ya ce da Baba zakaran zamanin yaƙi ne, kuma ya daɗe bai ga wanda ya kwanta lafiya irin wannan ba. Shi kaɗai ya saya. Abin da ya bayar ya isa aikin ido ɗaya cif. Har yau ban sani ba ko kuɗin zakaran ya biya ko kuwa na abotar shekaru, ban kuma sami wanda zan tambaya ba. Da zai tafi ya ce wa Baba wannan ne sayensa na ƙarshe sai abin da Allah ya yi, kuma haka aka yi, bai sake zuwa ba.

A asibiti likita ya tambayi Baba wane ido za a fara. Ya ce na dama, da shi yake duba kaya. Ranar da aka kwance masa bandeji muka dawo gida, abin da ya fara nema shi ne gwangwanin. Na kawo masa. Ya zuba su a tabarma, karo na farko da ya ga aikina da idonsa. Ya ɗaga dalar nan mai sarauniya, ya kalle ta da kyau, ya kalle ni.

"Gaskiya, Uwata, kin iya wanki."

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa kuka na yi, irin wanda ban yi ba ko a gaban Metir.

Bai taɓa sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ya koma teburinsa na wasu watanni, masu saye suna nan dai a kan dakatawarsu, daga baya ya naɗe ya zauna a gida. Muka yi ta tattali don idon hagu, yau a tara gobe wata lalura ta cinye, har Allah ya karɓi abinsa ba a yi aikin ba. Shekara biyun da ya yi a duniya bayan aikin farko, in mutum ya yi masa magana ta hagu sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, wani lokaci kafaɗarsa ta bugi ƙyauren zaure. Duk bugun da na ji, na san daga ina ya fito. Na koyi zama ta damansa, shi kuma ya yi kamar bai lura ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana ba mai yawa ba ne, amma ya yi mini tsada. Kafin ka gyara wa mutum abinsa, tambaye shi ko ya lalace. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da abin da hannu ya goge, kuma a duk ƙoƙarin da na yi a ranar nan, inda na gaji na bari shi kaɗai ne ya amfani mahaifina.

Gwangwanin yana wurina. Kwanakin baya na buɗe, na tarar sun fara yin duhu kaɗan ta gefe-gefe. Hannuna har ya kai ga tsumma, saboda hali ba ya mutuwa da sauƙi. Na mayar da murfin na rufe.