Barista Isiyaku da Sunan Ɗan Fari

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka binne Barista Isiyaku a wata maƙabarta da ke gabashin Landan, ana yayyafi. Har yau, duk lokacin da aka yi kisa a wani gari, jama'a suka duƙufa a waya suna yanke wa shaidu hukunci, shi nake tunawa. Kwanan baya jikata ta nuna mini bidiyon wata mata da aka kashe mijinta, tana amsa tambayoyin 'yan jarida. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi ta rubutu, wai ba ta yi kuka ba, wai idonta a bushe yake, wai lalle da hannunta a ciki. Na miƙa wa yarinyar wayarta. Na san abin da Isiyaku zai tambaye su: a wane gida aka rene ta, kuma me aka koya mata game da kuka a gaban baƙi?

Na zo Landan ne bayan na yi zaman aiki a Khartum da Jidda da Abijan, ina harkar jigilar kaya ta jirgin ruwa. Shi kuwa Bazazzage ne, ya zo karatun lauya ya zauna, ya buɗe ɗan ofis a unguwar Barking a saman wani shagon ɗinki. Mutanenmu na kai masa matsalar takardun zama da rigima da council, wato ƙaramar hukuma, a kan gidan haya. Yana da kirki, amma bai iya sassauta magana ba. In shari'arka ba ta da ƙarfi, kafin ka gama shan shayin da ya ba ka ya gaya maka.

A ƙarshen shekarun tamanin aka kashe wani saurayi namu mai suna Bashir a unguwar Deptford da ke kudancin Landan. Yaro ne natsattse, yana tuƙa tasi da rana, yana karatun akanta da yamma. An caka masa wuƙa a ƙofar benen da suke zaune, da rana tsaka, bayan gardama da wani matashin maƙwabcinsu a kan wurin ajiye mota. Mutum ɗaya ne ya ga abin daga farko har ƙarshe, wato mahaifiyarsa, Hajiya Delu, wadda ke tsaye a kan matakala da kwandon wanki a hannu. Mijinta abokin aikina ne, ya riga ya rasu. A wurinta muke sayen daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, kuma babu gidan Bahaushe a kudancin Landan da bai san ta ba.

Bashir ɗan farinta ne. Matan zamaninta ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna damuwa a kansa ko da ciki na ƙuna. Tun ranar suna Hajiya Delu ba ta taɓa buɗe baki ta ce Bashir ba. "Yaron nan" take cewa.

A Ingila ba alƙali ne ke cewa mutum ya yi kisa ko bai yi ba. Mutum goma sha biyu ake ɗebowa daga cikin jama'ar gari, masu shago da malaman makaranta da direbobi, su saurari shaida su yanke. Ina zaune a wurin 'yan kallo ranar da Hajiya ta ba da shaida. Ta sunkuyar da kai cikin mayafi, tana magana ƙasa-ƙasa, tafinta na juyawa. Duk inda ta ce yaron nan, da Turanci sai ya fito kamar tana maganar ɗan maƙwabta. Lauyan wanda ake tuhuma ya bi ta a hankali, cikin ladabin nan nasu mai sanyi. Ya tambaye ta ko gaskiya ne ba ta zubar da hawaye ba lokacin da 'yan sanda suka iso. Ya tambaye ta ko suna shiri da ɗanta. Ya tambaye ta me ya sa ba ta kallon mutumin da take cewa ta gani. Da ya nemi ta faɗi sunan mamacin, sai ta ce ai an riga an san shi. Na ga wata Baturiya cikin sha biyun ta kalli ta kusa da ita.

Sun kasa haɗa baki a kan hukunci. Alƙali ya sallame su, ya ce za a sake shari'ar da wasu mutanen. Kuma a kotunan ƙasar, in na biyun ma suka kasa, ba kasafai ake yin ta uku ba. Sai a saki mutum ya koma gida. Gidan wannan mutumin kuwa ƙofarsa na kallon ta Hajiya.

Aka kira taro wata Lahadi bayan azahar a wani zaure da muke haya a Barking. Rai a ɓace yake. Kowa ya tashi sai ya ce wariyar launin fata ce, da Bature aka kashe da tuni an gama. Sannan aka ce Barista ya yi wa jama'a bayani. Ya ce wariya akwai ta, ya sha haɗuwa da ita a harabar kotu, amma ba ita kaɗai ce ta kawo mu nan ba. Ya ce mu dubi abin da mutanen nan suka gani: uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta ɗaga kai, ba ta yi kuka ba. A wurinsu wannan alamar mai ɓoye wani abu ce. Ya ce doka ta ce in akwai shakka a sallami wanda ake tuhuma, kuma wannan dokar ce za ta ceci 'ya'yanmu ranar da ɗan sanda ya kama su bisa kuskure. Sannan ya faɗi maganar da ta bi shi har kabari.

"Da ina cikin sha biyun nan, ban san Hausa ba, ban san Hausawa ba, da ni ma na yi shakka."

 Alhaji Tanko, wani dillalin motoci daga zangon Kumasi, ya miƙe da Hausarsa ta can ya ce, "Barista, kai kana faɗi Hajiya ya yi ƙarya ke nan?" Isiyaku ya ce ba haka ya ce ba. Babu wanda ya ji shi, don hayaniya ta riga ta tashi. Wani daga baya ya ce a tambaye shi nawa dangin mai kisan suka ba shi.

Ashe wani ya ɗauki taron a kaset. Aka yanke duk bayanin, aka bar wannan jimla ɗaya da hayaniyar da ta biyo baya, aka yi ta kwafa. Kaset ɗin ya zaga Landan, ya shiga jakunkunan matafiya, ya isa Kano da Zariya, har yayansa ya bugo waya yana tambaya ko gaskiya ne ya zagi uwar mamaci a bainar jama'a. Mutane suka riƙa zuwa ofis suna karɓe takardunsu. A masallacin Juma'a sai ka ga an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Aka daina gayyatar matarsa Amina suna da biki. Wani likita abokinmu a unguwar Marylebone ya ce mini Barista na da gaskiya, amma ba a faɗin irin wannan gaskiya ana tsakiyar makoki. Wataƙila likitan bai yi kuskure ba. Sai dai shari'a ta biyu na tafe, ba ta jiran a gama makoki.

Na zauna a kotuna a ƙasashe da dama saboda rigingimun kaya, kuma kowace ƙasa da irin fuskar da take ɗauka ta mai gaskiya. A Khartum na ga mace ta yi kururuwa a gaban alƙali, aka ɗauke ta mai gaskiya saboda kururuwar. A Jidda rantsuwa ake wa nauyi. A Abijan alƙali ne da kansa ke tsare ka da tambayoyi, yana son amsa a jere. Bature yana son ka kalle shi cikin ido. Mu kuma tun muna yara ake dukanmu in mun kalli babba cikin ido. Da a gaban alƙalin Zariya Hajiya ta tsaya, da shirun nan nata ya fi masa kowane kuka. Isiyaku ya san ɓangarorin biyu, ya tsaya a tsakiya, kuma kowane ɓangare ya ɗauka na ɗaya ɓangaren ne.

Shi ya roƙe ni in kai shi wurinta, tunda ni abokin mijinta ne. Ban so ba, amma na kai shi. Ta buɗe mana, ta kawo shayi, ta zauna tana fuskantar taga. Ya durƙusa a ƙasa da kwat ɗinsa ya gaishe ta. Ya ce ba shi da hannu a shari'ar, kuma doka ta hana kowa ya gaya wa mai shaida abin da zai faɗa, don haka ba wannan ya kawo shi ba.

Ta ce, "An ce ka ce na yi ƙarya."

Ya ce, "Ban ce ba, Hajiya. Cewa na yi ba su gan ki ba."

Ya kawo shawarar a nemi lauyoyin gwamnati su roƙi kotu a kawo wani dattijo ya yi bayanin al'adar ɗan fari. Ta ce ba za a tsaya a gaban baƙi ana baje abin da ke tsakaninta da ɗanta kamar kayan kasuwa ba. Ta ci gaba da kallon waje. Ta tagar nan ana hango ƙofar gidan wanda ake tuhuma. Can sai ta tambaye shi, in ta yi yadda ta yi wancan karon fa?

Ya ce, "Zai iya fita, Hajiya."

Ta ce mu shanye shayinmu kada ya huce. Ba ta raka mu ƙofa ba.

Aka sake shari'ar cikin hunturu. Isiyaku bai shiga ba, don kada zuwansa ya tada fitina, ya tsaya a waje. Lauyan nan dai shi ne, tambayoyin ma su ne. Hajiya na sunkuye kamar da. Ya zo kan tambayarsa, ya ce ko za ta gaya wa kotu sunan ɗanta. Tafinta ya juya. Ta ci gaba da kallon ƙasa. Alƙali ya ce a maimaita mata, aka maimaita. Sai ta ɗaga kai. Ta bi mutum goma sha biyun nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ga wanda ake tuhuma.

"Sunansa Bashir. Ni na haife shi. Wancan ne ya kashe shi, ina kallo."

Tafintan, wani ɗan Katsina, ya juya maganar. Ita dai ba ta yi kuka ba.

An same shi da laifi. Ba zan ce maganarta kaɗai ce ta yi ba, don akwai shaidar jini a rigarsa, kuma Isiyaku kan ce babu wanda ya san abin da ake faɗa a ɗakin da sha biyun ke shawara. Jama'armu suka yi murna, suka ce Hajiya ta kunyata Barista. Babu wanda ya je ya ba shi haƙuri. Masu takardu suka dawo ɗaya-ɗaya saboda buƙata, aka yi kamar ba a yi ba. Hajiya kuma ta daina zuwa duk taron da ta san yana nan. Ta gaya wa wata ƙawarta cewa ranar ta ji kamar an tuɓe mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Maganar ta iso masa, ta kuma zauna masa a rai. Ya sha ce mini ya sa tsohuwa ta yi abin da uwarta da kakarta ba su yi ba, kuma bai san ko Allah zai tambaye shi a kai ba.

Da yana raye yau, da ya ga kowa na da kaset ɗinsa a aljihu, kowa na yanke jimla ɗaya ya tura. Ba na jin zai yi shiru, kuma ba na jin za a saurare shi fiye da yadda aka saurare shi a zauren Barking. Ofishinsa ya zama shagon gyaran waya. Waɗanda suka yi hayaniyar yawancinsu sun bi shi. Abin da ya rage mini daga gare shi shi ne wannan ɗabi'a ta dakatawa kafin in karanta zuciyar mutum a fuskarsa, da kuma wani abu da na ji da kunnena a gidansa.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a ƙarshen shekarun casa'in. Ana zaman makoki sai ga Hajiya Delu da sandarta, ita kaɗai, ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas tun daga Deptford. Gidajen Barking ƙanana ne, ina tsaye a lungun shiga ina jin falon mata. Kowa Barista yake cewa, ko Malam Isiyaku. Ita ta zauna kusa da Amina ta kama hannunta.

Ta ce, "Yaron nan ya sha wahala kafin ya cika?"

Amina ta ce bai daɗe ba.

"Allah ya jiƙan yaron nan."

Wata matashiya haifaffiyar Landan ta raɗa wa ta kusa da ita da Turanci cewa tsohuwar har yanzu tana riƙe da shi a zuciya, ko sunansa ta ƙi faɗa. Amina kuwa a Zariya aka rene ta. Ta kifa kai a cinyar Hajiya ta fashe da kukan da ta yini tana dannewa. Daga ranar har Hajiya Delu ta rasu, ban sake jin sunan Isiyaku a bakinta ba.