Kawu Manu da Wasiƙun Banki

Duk wanda ya zauna a Gombe lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ya san Kawu Manu da kujerarsa 'yar tsugunno, ɗaure a bayan keke. Kullum da hantsi zai fito daga unguwar Jekadafari, ya kafa ta a ƙofar banki, ya zauna. Da yawanku kun ɗauka ma'aikaci ne. Bashi ne ya kai shi, kuma na san asalinsa, don ni na sa hannu na tsaya masa.

Rance ya ci ya cika shago da kekuna, ya ba da takardar gida jingina. Kekunan na isowa albashi ya ƙaru, kowa ya koma babur. Shago ya rufe, wasiƙun banki suka fara zuwa. Ni ke karanta masa, tunda ni na yi firamare.

Wata rana na ce, "Kawu, ban da kuɗin ruwa, sun ƙara kuɗin wasiƙa."

"Wace wasiƙa?"

"Wannan da ke hannuna."

"La'ilaha illallahu! Su rubuto mini abin da na sani, ni in biya ladan rubutu? Sale, miƙo mini kujerar can."

Washegari ya tsaya gaban akawu, Malam Yohanna, ya ce, "Ga ni. In da magana, ku faɗa mini da baki. Baki kyauta ne."

Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Na ce ya ɓuya a garin Kwadon wajen 'yan uwa har ƙura ta lafa. Ya dube ni sama da ƙasa. "Sarkin tsoro! In na ɓuya wa banki, a kabari wa zan ɓuya wa?"

Nan ƙofar banki ya baje ragowar kayan shago, yana facin taya. Ya samu kwabo biyar, sai ya shiga ya biya, ya ce a ba shi rasit. A yini sai ya shiga sau huɗu.

Malam Yohanna ya ce, "Haba Baba! Rasit ɗin nan ya fi kuɗin tsada."

"Madalla. Ku ma ku ɗanɗana."

Har manaja ya gaji, ya ce zai rage masa bashin in zai ɗauke kujerarsa. Na ce Alhamdulillahi a zuci. Kawu ya ce, "Kuɗin wasiƙa, goge shi, ban ci ba. Uwar kuɗi kuwa na ci, kada ka taɓa mini ita." Wallahi ban taɓa ganin mai bashi yana hana a yafe masa ba sai shi.

Daga baya ya daina nuna mini rasit, wai ina ramewa. Don haka ranar da ya rasu ban san abin da ya rage ba. Aka ajiye gawa, liman ya juyo ya ce, "Akwai mai bin sa bashi?" Sai ga Malam Yohanna can gefe, ya ɗaga hannu. Na ce shi ke nan, gida ya tafi, ga matarsa Inna da yara.

Ya ce, "Tun watan jiya Baba ya gama biya. Shi ke bin mu sule uku, rarar abin da ya biya. Ya ƙi karɓa, har da takardar gidan, wai sai mun rubuto masa wasiƙa da kuɗinmu."

Ya zaro wasiƙar a ambulan ya miƙo mini. Mutane na dariya suna share hawaye. Na buɗe, amma na kasa karantawa.

Allah ya jiƙan Kawu Manu. Yadda ya sauke nauyin mutane kwabo-kwabo, Allah ya sauke masa nasa gaba ɗaya, ya sa ya huta. Amin.