Baba Iro na Leburorin Danja

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan, ina tsaka da shan koko, aka bugo mini daga Danja cewa Baba Iro ya rasu.

Ya kamata jama'a su san yadda mai zurfin karatu irina ya zama ɗalibin tsohon ɗan dako.

Mahaifiyata ta bar Danja tana ƙarama, bayan rasuwar mahaifinta. Da shekaru suka ja, sai ta ce ba ta son ta koma ga Allah ba ta ga gidansu ba. Na ɗauki jaka da biro biyu, na shiga motar Danja daga Funtua, da niyyar gudanar da bincike mai zurfi.

A tasha na umarci ɗan acaɓa ya kai ni laburare. Bawan Allah ya sauke ni gaban leburori masu lodin masara, ya ce, "Ga su nan, Malam, zaɓi mai ƙarfi."

Cikin masu dariya akwai wani dattijo a kan benci, shi ne Baba Iro. Ya matsa mini wuri, ya sa aka kawo mini rake. Na gyara murya, na ce ina neman tarihin kakana, marigayi Malam Muhammadu Inuwa, mai awon auduga.

Ya ce, "Ɗan boko, garin nan ba a neman mutum da sunan yanka. Me ake ce masa?"

Na kira Hajiya, mahaifiyata, a waya. Ta yi ta kwana-kwana saboda kunya, daga baya ta faɗa cikin raɗa: Ƙara-Kaɗan.

Baba Iro ya yi dariya har da tari. "Ai ni na riƙa ɗora masa buhu a sikeli. Ko giwa ka ɗora, sai ya ce ƙara kaɗan."

Ni da na zo da shirin gano cewa jinin sarauta ne ni, haka na rubuta wannan a littafina, da biro biyun.

Da sandarsa ya taka ya kai ni wata ƙofa bayan masallaci, inda 'yar baffan Hajiya take zaune da jikokinta.

Ganina da shi na ƙarshe bayan girbin bara ne, ranar da na kawo Hajiya. Ya dube ta ya ce, "Ba sai an tambaya ba, ga kunnuwan Ƙara-Kaɗan nan." Ta kwana uku a gidan ubanta, ta dawo tana faɗa wa kowa.

Ɗazu na sanar da ita. Ta ce, "Allah Ya haɗa shi da Baba, ya faɗa masa na je gida."

Allah Ya jiƙan Baba Iro, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya sa shi cikin addu'a, da sunan da aka san shi da shi.